Kafin a ɗauko bulala, a fara duba ajin

Akwai wani yaro da na koyar a aji huɗu, a wata firamaren gwamnati cikin garin Gombe, wanda kusan kullum sunansa ke buɗe takardar masu surutu. Kafin tara ya mintsini na kusa da shi, bayan tara ya ɓoye wa wani takalmi, da zarar na ce a kwafi abin da ke allo kuwa sai ya miƙe ya shiga yawo tsakanin yara. Na yi faɗa, na sa shi kamun kunne, daga ƙarshe na aika aka kira mahaifinsa. Dattijon ya jingine kekensa, ya saurare ni tsaf, ya ce, "Malam, ɗanka ne. In ya ƙi ji ka zane shi, ba mai tambayarka."

A ranar, bayan an tashi, na kwashi littattafan da zan duba na koma ƙarshen aji saboda can iska ke shigowa, na zauna daidai inda yaron ke zama. Ina ɗaga kai na dubi allo, gabana ya faɗi. Allon siminti ne da baƙinsa ya koɗe, hasken taga na dukansa ta gefe, duk rubutun da na cika shi da shi tun safe ba abin da ake gani daga nan sai ƙyalli. Wata biyu ke nan ina umartar yaro ya kwafi abin da ba ya gani, ina kuma hukunta shi don ya nema wa hannunsa abin yi.

Tun daga ranar nake da yaƙinin cewa kaso mai yawa na abin da muke kira rashin ji yana tasowa ne daga ɗakin da muka zuba yara, da kuma giɓin da muka bari a cikin yininsu. Ban ce duka ba. Akwai yaron da ya taho da damuwar gida, akwai wanda bai karya ba, akwai wanda tarbiyyarsa ke buƙatar aiki na musamman. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa malamai mun fi ba da ƙarfi wajen jifan ƙadangaren, tsagar tana nan yadda take.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Jacob Kounin, ya ɗauki bidiyon azuzuwan firamare masu yawa yana son gano wace irin tsawatarwa ce ta fi aiki. Sakamakon da ya wallafa a 1970 ya saɓa wa abin da ake tsammani. Malaman da ajinsu ke natse da waɗanda nasu ke hargitse ba su bambanta sosai ba wajen yadda suke tsawatarwa bayan an yi laifi. Bambancin yana cikin abin da ke faruwa kafin laifin. Malamin da ajinsa ya natsu, yara sun yarda yana da ido a ƙeya: yana hango abu tun yana ƙarami, kuma yana kama wanda ya fara, ba wanda ya rama ba. Yana duba littafin yaro ɗaya, hankalinsa na kan sauran. Darasinsa ba ya jan ƙafa, in zai tashi daga wani aiki zuwa wani kuma ba ya barin rami a tsakani.

Duk malamin da ke shakka ya gwada abu ɗaya. Ya ajiye takarda a aljihu na mako guda, duk lokacin da rigima ta tashi ya rubuta ƙarfe nawa ne da abin da ake yi. Zai tarar sun taru a wurare kaɗan: shigowar safe, dawowa daga tara, tsakanin fitar wani malami da shigowar wani, rabon littattafai da karɓarsu, sai lokacin da ya juya wa yara baya yana cika allo. Da wuya ka ga faɗa ya kaure a tsakiyar aikin da yara suka fahimta kuma suke iya yi.

To, mu fara da ɗakin, kuma mu fara da gaskiyarsa. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Ajin da nake magana a kansa ya haura 80. Tun da aka ƙirƙiro jihar Gombe a 1996 garin ke cika yana batsewa, rikicin Boko Haram kuma ya koro iyalai da dama daga Borno da Yobe suka zauna tare da mu, ginin azuzuwa bai bi sawun wannan yawan ba. Bencin mutum uku yana ɗaukar biyar, sauran suna ƙasa a kan tabarma ko buhu. Shawarar da ba ta san da wannan ba, a ofis za ta ƙare.

Abu na farko da aji mai cunkoso ke buƙata shi ne hanya. Ina nufin layin da malami zai bi da ƙafarsa daga allo har bangon baya ba tare da ya tsallake kan kowa ba. In da hali biyu, in babu ko ɗaya. Yaron da ya san malam na iya tsayuwa a kansa cikin taku biyar ba ya yin abin da wanda ya san an yi masa katanga da bencina goma ke yi. Sau da yawa isowar malami kusa da yaro, yana ci gaba da bayaninsa, ya ɗan dafa bencin, ta wadatar, ba a kira suna ba, darasi bai tsaya ba. Inda yara ke zaune a ƙasa, a ja layuka da alli, ko a roƙi ragowar fenti a zana su sau ɗaya a huta. Wata malama da muka yi aiki tare ta zana wa ajinta na ɗaya layuka shida a daɓe, kowane layi da sunan dabba. Yaro ɗan shekara shida bai san "ku zauna da kyau" ba, amma ya san shi ɗan layin zomo ne kuma ga inda zomo ke zama.

Sai takalma. Wanda bai taɓa riƙe ƙaramin aji ba zai ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Silifas 80 ne a bakin ƙofa ɗaya, rabinsu kala ɗaya, daga kasuwa ɗaya aka saye su. Ana kaɗa ƙararrawa kowa ya yi kansu, a ture ƙanana, wani ya tafi da wari guda na wani, gobe uwa ta zo da faɗa. Kowane layi ya samu wurinsa a jikin bango, a jera takalma kafin a shiga, a fita layi-layi. Minti uku ne, amma yana kashe rigimar da kan cinye rabin darasin farko na bayan tara.

Maganar wa zai zauna ina ita ce ta fi ci mini rai. In ka bar yara su zaɓa, masu ƙoƙari da masu baki za su cika gaba da tsakiya, manya da masu maimaita aji da marasa ƙarfin karatu su tattara a baya da lungu. Malami kuma, ba da niyya ba, da na gaban yake darasi: su yake kallo, su yake tambaya, su ke amsawa, shi ma ya ji daɗi ya ɗauka an gane. Na baya sun zama 'yan kallo a ajinsu, ɗan kallo kuwa dole ya nema wa kansa abin ɗebe kewa. Har akwai malaman da ke yin haka da gangan, su ce daƙiƙai baya. Wannan zalunci ne, ko da ba a nufe shi ba.

Malami ne ya kamata ya raba wurin zama, tun makon farko. Gajeru gaba. Mai kanne ido in yana duban allo, da mai cewa "na'am?" duk lokacin da aka yi magana, su ma gaba, don akwai yara da yawa masu raunin gani ko ji da ba a taɓa auna su ba. Gwajin ba ya cin kwabo: rubuta haruffa a allo da girman rubutunka na kullum, ka sa kowane yaro ya karanta daga wurin zamansa. Abokan tsokana a raba su ba tare da sanarwa ba. Mai ƙarfin karatu a haɗa shi da mai rauni. Sannan, ban da masu raunin gani ko ji, a riƙa juya layuka bayan mako biyu, na baya su dawo gaba, don kada wani ya shekara a lungu.

A wuraren bita ana yawan ce wa malamai su zaunar da yara rukuni-rukuni suna fuskantar juna, har wasu sun ɗauka zaman layi tsohon yayi ne. Binciken da Kevin Wheldall da abokan aikinsa suka yi a Ingila a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa in aikin na kowa da kansa ne, yara sun fi mai da hankali a zaman layi, kuma waɗanda suka fi amfana su ne masu saurin shagala. Zaman rukuni yana da ranarsa, wato lokacin da aikin ke buƙatar tattaunawa. Aikin ne ke zaɓar zama. Da bencinanmu masu nauyi ba sai an ja komai ba: 'yan bencin gaba su juyo su fuskanci na bayansu, rukuni ya haɗu, an gama su juya.

Allo kuwa a yi masa fenti, in babu kuɗi a goge shi da garin gawayi kamar yadda aka saba, kuma malami ya taka zuwa kusurwoyin baya ya duba da idonsa. Rubutu mai yawa a yi shi kafin yara su shigo. In dole a rubuta suna zaune, a tsaya a karkace, a rubuta layi biyu a juyo.

Ɗaki ke nan. Abin da ya fi shi nauyi shi ne sabo, wato yadda ake yin abubuwan da ake maimaitawa kullum. A 1980 Edmund Emmer da Carolyn Evertson da Linda Anderson na Jami'ar Texas suka wallafa abin da suka gani a azuzuwan malamai 27 na aji uku, waɗanda suka bibiya tun daga ranar farko ta shekara. Malaman da ajinsu ya zauna lafiya har ƙarshe su ne waɗanda suka ɓata lokaci a makonnin farko suna koyar da yadda ake shiga, yadda ake neman izini, yadda ake miƙa aiki, kamar yadda ake koyar da lissafi: a yi bayani, a nuna, a gwada, a gyara, a sake.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Je ka tsangaya da asuba ka gani. Yara sun fi na ajina yawa, shekarunsu ba ɗaya ba, karatunsu ba ɗaya ba, amma kowa ya san inda allonsa ke jingine, ya san lokacin da zai kai a biya masa, ya san ba a wanke allo sai an ba da izini, ya san kolo ne shi ko titibiri ko gardi da abin da ke kansa. Na san akwai bulala a can ma, ba ina wanke ta ba ne. Amma abin da ke riƙe da wurin awa bayan awa, har lokacin da malam ya tashi, tsari ne da ya zama jiki. Mu a boko mun ɗauki bulalar, mun bar tsarin.

Ga yadda koyar da sabo yake a aikace. Ranar farko ta zango, kafin a buɗe kowane littafi, ka fitar da yara waje. Ka ce, "In an kaɗa ƙararrawa, kowa ya tsaya a layinsa, ya ajiye takalmi, ya shiga bakinsa a rufe, ya zauna, ya fara aikin da ke kusurwar allo." Ka yi da kanka su gani. Ka sa layi ɗaya ya yi, sauran su faɗi abin da aka yi daidai. Sai kowa ya yi. In an yi da turereniya, ba faɗa, ka ce, "Mu sake." Za a sake sau uku ranar, gobe sau biyu, kafin mako biyu ya zama jiki. Malamai da yawa na ganin ɓata lokaci ne alhali manhaja na jira. Lissafa minti goma da ke salwanta bayan kowace tara, sau kwana biyar, sau makonnin zango, ka ga wanne ne ɓata lokacin.

Aikin nan na kusurwar allo ya cancanci a tsaya a kansa. Tambayoyi uku zuwa biyar ne daga darasin jiya, masu sauƙin da kusan kowa zai iya, an rubuta su kafin yara su shigo. Yaro na zama ya tarar da abin yi. Malami ya samu sararin kiran suna, ko sauraron wanda ya zo da kuka, aji bai watse ba. Haka ma wanda ya riga kowa gama aiki, ya san abin da ke gabansa, ko karanta shafi kaza ko taimaka wa na kusa, don yaro mai kaifin kai da ya gama ya zauna hannu rabbana shi ma fitina ne.

Sai alamar shiru. Buga sanda a tebur da ɗaga murya suna ƙara hayaniya ne a kan hayaniya, kuma malamin da ke ihu tun safe kafin azahar muryarsa ta dushe, ransa ya ɓaci. A zaɓi alama ɗaya: tafi uku da yara za su amsa da tafi uku, ko ɗaga hannu, duk wanda ya gani ya ɗaga nasa ya yi shiru. Sharaɗin shi ne kada malami ya fara magana sai shirun ya cika. A jiharmu wannan yana da ƙarin amfani, domin a aji ɗaya za ka samu yaron da ya tashi da Fulatanci, da mai Tangale, da mai Tera, da mai Waja, da mai Bolanci. Ɗan aji ɗaya da Hausarsa ba ta nuna ba, balle Turanci, yana gane tafi da ɗaga hannu tun ranar farko. Dokokin aji ma kada su wuce huɗu ko biyar, a faɗe su da abin da ake so a yi: ɗaga hannu kafin magana, hannunka a jikinka, tafiya a cikin aji ba gudu ba.

Monita fa? Asalin tsarin tsoho ne. Joseph Lancaster ya buɗe makaranta a Landan a 1798 inda manyan ɗalibai ke koyar da ƙanana, malami ɗaya yana kula da ɗaruruwa. Aikin monita a wancan tsari taimakawa ne wajen karatu da tafiyar da aji. Mu mun mai da shi ɗan sanda mai rubuta sunayen masu surutu, wani lokaci har da riƙe tsumagiya. Sakamakon kowa ya sani: ya rubuta wanda ya hana shi rogo, ya goge wanda ya ba shi, a tare shi a hanyar gida. Mun koya wa yaro ɗan shekara goma karɓar na goro da hannunmu. Gara a farfasa aikin. Kowane layi da mai raba littattafai da karɓa, ga mai goge allo, ga mai kula da takalma, ga mai tagogi, ga mai randar ruwa, ana juyawa duk mako. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya shi ya fi dacewa da aikin da ke buƙatar tashi.

Akwai wata dabara da aka fara gwadawa a wani aji huɗu a jihar Kansas ta Amurka, aka wallafa sakamakon a 1969, aka kuma yi ta maimaita ta a ƙasashe da dama. A raba aji gida biyu, a ayyana ɗan lokaci, duk wanda ya yi magana ko ya bar wurinsa ba izini a sa wa ɓangarensa alama a allo. Ɓangaren da alamominsa suka fi kaɗan ya ci, in duka biyun ba su wuce adadin da aka yanka ba duka sun ci. Ladan ba kuɗi ba ne, fara fita tara ne ko zaɓen wasan Juma'a. Ta dace da layukanmu ƙwarai. Abin kiyayewa kawai, kada a bari yara su taru a kan wanda ya jawo musu faɗuwa.

Makara tana buƙatar nata tsarin. Yarinyar da ta kai kunu ko ƙosai talla kafin ta sa kayan makaranta, ko yaron da ya yi jiran layin ruwa, in ya san dorina ce ke jiransa a bakin ƙofa, gobe sai ya ƙi zuwa gaba ɗaya. Ya shigo shiru, ya zauna a bencin da aka ware kusa da ƙofa, a rubuta sunansa, a yi maganar lokacin tara, in ta yawaita a nemi iyaye. Yanayi ma a lura da shi. A watan Maris da Afrilu, ƙarƙashin kwanon da ba silin, bayan sha biyu ba yaron da zai natsu ga lissafi. Darussa masu nauyi su zo da safe, a tanadi ruwan sha a cikin aji da kofi da ƙa'idar shansa, in makaranta na da inuwar dalbejiya a fita karatun baki a can.

Duk wannan ba ya nufin babu hukunci. Dole yaro ya san abin da zai biyo bayan laifi: kallo, matsowa kusa, kiran suna a hankali, canjin wurin zama, tsayawa minti biyar lokacin tara, gyara abin da ya ɓata, kiran iyaye. Ƙaramin hukuncin da ba ya fashi ya fi babban da ke zuwa sai ran malam ya ɓaci. Bulala tana kawo shiru nan take, shi ya sa muke sonta, amma shirun na tafiya tare da mai riƙe da ita, malamar da ta shigo bayansa ba sanda ita ke girbar abin da ya danne. Shi ya sa wannan aiki ya fi ƙarfin malami ɗaya. In alamar shiru ɗaya ce daga aji ɗaya zuwa shida, in hedimasta ya tsare cewa ba a barin aji ba malami a canjin darasi, yara ba sa sake koyon sabuwar doka duk minti 35.

Akwai kuma abin da tsari ba zai iya ba. Layin alli ba zai zama benci ba, ƙa'idar neman izini ba za ta gina bayi ba, kuma makarantar da ba ta da bayi yaran da suka fita uzuri ba duka ke dawowa ba, musamman 'yan mata da suka fara girma. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, jiha kuma sai ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Haƙƙin iyaye ne da kwamitin kula da makaranta su riƙa tambayar hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, inda aka kwana kan azuzuwa da kujeru da malamai. Kwalejojinmu na horar da malamai kuma, irin ta tarayya da ke Gombe da ta jiha da ke Billiri, ina fata ɗalibin da zai fita koyarwar gwaji a riƙa auna shi kan yadda ya shigar da yara 80 aji ya zaunar da su, kamar yadda ake auna tsarin darasinsa a takarda.

Yaron nan nawa na dawo da shi layi na biyu, muka haɗa kuɗi da malamin ajin da ke kusa muka sayi fentin allo, na kuma ba shi aikin jera takalman layinsa. Yawon ya ragu ƙwarai, tsokanar ba ta ƙare duka ba. Da ya fara kwafar aiki ne wata matsalar ta fito fili: yana zana haruffan da kyau, amma bai iya haɗa su ya karanta ba, ga shi a aji huɗu. Sauran zangon, minti goma na farkon tara, ni da shi da wasu yara shida muna zaune a bencin gaba muna bin ba, bi, bu.